Ka ba su ajiya, sun sayar da rumbun da kai a ciki

Akwai wani kamfani a Amurka da na tabbata da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, amma kusan duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa ratsawa ta gonarsa. In ka taɓa buɗe Speedtest don ka gane ko netwok ne ke maka wulaƙanci ko wayarka ce ta gaji, to ka ratsa, don shi ya sayi Ookla masu wannan manhaja a ƙarshen 2014. Sunansa j2 Global a da, yanzu kuma Ziff Davis. Ni ba hannun jari gare ni a ciki ba, ban kuma taɓa biyansu ko kwabo ba, tarihinsu ne kawai ya tsaya min a rai saboda ya fito da wani abu da na daɗe ina ƙorafi a kai ban samu misalin da zan kafa hujja da shi ba sai yanzu.

Farkon labarin har dariya yake ba ni. A wajajen 1995 wani mawaƙi ɗan Jamus mai suna Jaye Muller, haihuwar Berlin ta Gabas, yana yawon wasa daga wannan gari zuwa wancan, yau yana wannan otal gobe yana wancan, ana turo masa takardu ta faks, kafin takarda ta iso ya riga ya ƙara gaba. Yaran yanzu ba su san faks ba, to wata na'ura ce kamar ƙaramin injin fotokwafi da ake jona wa layin tarho, ka zura takarda a Kano ta yi wani kuka kamar ana yanka ɗan tsako, sai kwafinta ya fito a Legas. Waɗanda suka yi zamanin NITEL sun san layin da ake yi a shagunan buga waya don a tura takarda ɗaya tak. Shi Muller da abokin harkarsa Jack Rieley, wanda ya taɓa zama manajan ƙungiyar mawaƙan nan Beach Boys, sai suka ce me zai hana mutum ya mallaki lambar faks ba tare da na'urar ba, duk abin da aka turo wa lambar ya faɗo masa a imel ko ina yake a duniya. Suka sa wa kamfanin suna JFax. Dabara ce mai kyau wallahi, ba zan rage musu komai ba a nan.

A 1999 suka shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, lokacin da duk wanda ya liƙa kalmar intanet a jikin sunan kamfaninsa kuɗi ke bin sa har gida. Shekara ta zagayo kasuwar ta ruguje, kamfanoni suka dinga faɗuwa kamar ƙwari a bakin fitila. Su kuma a 2000 ɗin suka haɗiye abokin gasarsu eFax, suka koma j2 Global Communications, hedikwata a Los Angeles, suka tsallake. Abin tambayar shi ne da me suka tsallake, alhali faks ɗin ma kowa na cewa kwanansa ya ƙare?

Amsar da na gano ita ce lamba. Likita ko lauya ko ɗan kasuwa da ya buga lambar faks ɗinsa a kan takardun ofis da kati da allon ƙofa, ya raba ta ga mutum dubu a shekara goma, ba zai tashi rana ɗaya ya ce ya fasa ba saboda 'yan dalolin da ake cire masa duk wata. Kuɗin kaɗan ne ba ya jin zafinsa, barin lambar kuma asara ce babba, sai ya yi ta biya. Ka tara irin wannan mutum da yawan gaske, kowa na ɗigo maka duk wata, ka samu rijiyar da ba ta ƙafewa ko da rani. Ga kuma asibitocin Amurka da har yau ba su rabu da faks ba wajen tura bayanan marasa lafiya, a Ingila ma sai da ministan lafiya ya fito a ƙarshen 2018 ya hana asibitocin gwamnati sayen sababbin na'urorin, ka ga kuwa abin ba ƙaramin naci gare shi ba.

Na san ƙarfin lamba ne ta dalilin wani kawuna. Yana da shagon atamfa da shadda, lambarsa na rubuce da jan fenti a saman ƙofa tun wayar hannu na sabon shigowa, 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram duk ita suka haddace. Ya kwanta jinya wata da watanni, wayar na cikin aljihun wata tsohuwar riga a rataye ba wanda ya tuna da ita, da ya warware ya dawo kasuwa sai aka ce layin ya mutu, an ma ba wani. Na raka shi ofishin kamfanin, yarinyar da ke kan tebur ta yi mana bayani cikin ladabi cewa ƙa'ida ce. Muna fitowa ya tsaya a bakin titi ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wai dama lambar ba tawa ba ce?" Na ce Kawu ai haya kake yi. Ya ce "Shekara nawa ina haya ba wanda ya gaya min?" Ban da amsa. Har yau akwai masu kiran tsohuwar lambar su ji muryar wani saurayi yana cewa ba nan ba ne.

To mu koma Amurka. Da j2 suka ga kuɗin faks na shigowa ba fashi, sai suka mayar da saye sana'a. Suka sayi eVoice a 2004, wato lambar wayar kasuwanci da ba ta da tarho a kan tebur, a kira ta ta amsa da muryar ofis ta tura kiran zuwa wayarka ta hannu ko kana gona. A 2010 suka sayi Protus na ƙasar Kanada, masu MyFax, a kan dala miliyan 213, wato wani babban abokin gasar ya sake shiga ciki. Daga nan suka juya kan rumbunan ajiya na intanet, abin nan da Turawa ke kira gajimare, wanda a zahiri ba wani gajimare, kwamfutocin wani ne jibge a wani ƙaton gini mai sanyin AC. KeepItSafe na ƙasar Ayilan a 2010, Livedrive na Birtaniya a 2014, SugarSync a 2015. Sun nemi Carbonite ma a ƙarshen 2014, masu shi suka ƙi, sai daga baya OpenText ya saye shi a 2019 a kan kusan dala biliyan ɗaya da miliyan 400. In aka ƙirga duk kamfanonin da j2 ya saya sun haura ɗari nesa ba kusa ba.

Ka lura da kamannin kayan da suke saye. Lambar faks, lambar ofis, ajiyar takardu da hotuna. Duk abubuwa ne da shigarsu sauƙi, fitarsu wuya. Wanda ya shekara biyar yana loda takardun kamfaninsa a rumbu ɗaya, ranar da zai ce zai kwashe sai ya nemi data mai yawa da lokaci da wanda ya iya, ga tsoron kada wani abu ya salwanta a hanya, sai ya ce bari dai wata mai zuwa. Wannan "wata mai zuwa" ɗin ita ce ainihin hajar da ake saye da sayarwa. In ka ji an ce an sayi kamfanin ajiya a kan miliyan kaza, ba kwamfutocin aka saya ba, su ai shekara kaɗan suke tsufa, kai aka saya, da kasalarka da tsoronka da katin bankinka da ke jone.

Sai abin ya ɗauki wani salo a 2012, suka sayi Ziff Davis, tsohon gidan buga mujallu mai PCMag, a kan dala miliyan 167. IGN na masu wasannin kwamfuta ya biyo baya a 2013, shafin kiwon lafiya na Everyday Health a 2016 kan miliyan 465, shafin labarai na Mashable a ƙarshen 2017 kan wajen miliyan 50, wanda araha ce ƙwarai in aka duba yadda ake kuranta shafin a baya. Nan ne wurin da ya fi ɗaure min kai. PCMag aikinta ta gwada kaya ta gaya maka wanne ya fi, har da rumbunan ajiya da manhajojin VPN masu ɓoye sawun mutum a intanet, ga shi kuma uban gidanta yana da nasa rumbun, ya kuma sayi manhajar VPN ta IPVanish a 2019. Gaskiya suna rubuta 'yar sanarwa a jikin sharhin cewa gida ɗaya muke da wannan kaya, ban kuma ce sun yi maguɗi ba don ban da shaida. Amma ko a kasuwar shanu in aka ce maka dillalin da zai duba maka haƙoran sa ɗan gidan mai sayar da shi ne, ai ka ƙara buɗe ido ko da mutumin kirki ne.

A watan Oktoba 2021 aka raba gidan biyu. Harkar faks, wadda ita ta haifi komai ta kuma ciyar da kowa, aka ware ta ta zama kamfani mai zaman kansa, Consensus Cloud Solutions, ta mai da hankali kan asibitoci. Ragowar ya ajiye sunan j2 ya ɗauki sunan abin da ya saya, Ziff Davis, a ƙarƙashin Vivek Shah wanda ya karɓi shugabanci tun farkon 2018. A shekarar kuma aka sayar da ɓangaren ajiyar bayanan kamfanoni, su KeepItSafe, ga wani daban. Yanzu ka ɗauki ɗan kasuwar da ya ba KeepItSafe amanar takardunsa tun yana ƙaramin kamfani a Ayilan. Bai motsa daga kujerarsa ba, amma ajiyarsa ta canza hannu sau biyu, ba wanda ya nemi izininsa, iyaka dai a turo masa imel mai farawa da "muna farin cikin sanar da kai".

Wannan shi ne abin da ban yarda da shi ba, kuma ba j2 kaɗai ba, duk masana'antar haka take. Mu a tarbiyyarmu ajiya ba haja ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami aka zo babin ajiya ya ji cewa wanda aka ba amana ba shi da ikon miƙa ta ga wani haka kawai ba tare da uzuri ko yardar mai ita ba, in ya miƙa ta kuma ta salwanta to shi zai biya. Tsohuwar da ake kai wa kuɗin adashi a unguwa ba ta isa ta ce ta sayar da asusun ga wata mata a wani gari ba, ku je can ku karɓa. Ita aka sani, fuskarta aka duba aka ba ta. To don me da an ce intanet sai mu yarda cewa amana ta zama kamar buhun masara, a yi cinikinta da daddare mu wayi gari da sabon mai gida?

Na san me za a ce min, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce kamfani ba gidan marayu ba ne, ka sa hannu a sharuɗɗa, kuma a cikin sharuɗɗan an rubuta cewa za su iya sayar da kansu. Haka ne, sai dai ban san mutum ɗaya da ya taɓa karanta wannan dogon Turancin lauyoyi ba kafin ya danna, ni ma ban taɓa ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: da irin su j2 ba su sayi waɗannan ƙananan kamfanoni ba, da wasunsu rufewa za su yi ɗungurungum, kuma sayarwa ta fi mutuwa. Na yarda. A 2013 wani kamfanin ajiya mai suna Nirvanix ya durƙushe, aka ba kwastomominsa kamar mako biyu su kwashe kayansu, manyan kamfanoni ne fa masu tulin bayanai. A Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin ajiya na Megaupload saboda zargin satar fasaha, masu laifi da waɗanda takardunsu na halal ne duk aka kulle da su. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin ajiya na OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri shi ke nan. Idan aka jera waɗannan, wanda aka sayar da kamfaninsa ajiyarsa na nan lafiya ai sai ya gode wa Allah.

Amma don wani ya fi ka shan duka ba zai sa naka marin ya zama gaisuwa ba. Kuma na kyautar nan da muka fi rububi su ma labarin ɗaya ne. SugarSync ya soke asusun kyauta a farkon 2014, tun kafin j2 ya saye shi, kada a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Microsoft ya rage kyautar OneDrive daga giga 15 zuwa 5 a 2016. Google Photos da ya ce mana mu zuba hotuna iya son ranmu ya janye maganar daga 1 ga Yuni 2021, bayan kowa ya gama zubawa. Amazon Drive ya rufe a ƙarshen 2023. Google kuma daga Disambar 2023 ya fara share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, wanda ke nufin in mutum ya rasu ba wanda ya san kalmar sirrinsa, hotunan sunan 'ya'yansa na iya bin sa. Salon dai ɗaya ne, a buɗe maka ƙofa a ce shigo kyauta ne, sai ka baje kayanka ka saba, sannan a zo da sabon zance.

Wata ƙanwata ta sha wannan. Hotunan bikinta da na mahaifiyarmu kafin ta rasu duk suna wani rumbun kyauta da wani mai gyaran waya ya buɗe mata, da imel ɗin da shi ya ƙirƙira, ita ko sunan imel ɗin ba ta riƙe ba. Kamfanin ya yi ta aika sanarwar cewa zai rufe, da Turanci, zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ta zo min da sabuwa ta ce "Yaya, dawo min da hotunan Inna", na kwana ina fama, daga ƙarshe na samu shiga akwatin imel ɗin na tarar da sanarwa huɗu a jere, ta ƙarshen ta wuce da wata bakwai. A doka ba su yi laifi ba, sun sanar. Na kasa gaya mata a daren, sai da safe.

Shi ya sa nake ganin maganar ta wuce a ce wa mutane su yi hattara. Hattara tana da kyau, ni kaina yanzu duk abin da nake ji da shi yana wuri uku, waya da filas da rumbun intanet, amma ba za ka ɗora wa mai sayar da ƙosai nauyin fahimtar cinikin kamfanonin Nasdaq ba. Aikin hukuma ne. Turai sun fara, dokarsu ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa a tsarin da zai iya kai su wani wuri, sabuwar dokarsu ta bayanai kuma ta ce daga Janairun 2027 kamfanin ajiya ba zai caji kwastoma kuɗin tashi zuwa wani kamfani ba. Najeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta ambaci wannan haƙƙi na ɗaukar bayananka, sai dai tsakanin abin da ke takarda da abin da ƙanwata za ta iya amfani da shi akwai tafiyar kwana da kwanaki. Abin da nake so a tilasta ba shi da yawa. Duk kamfanin da zai canza hannu ko zai rufe ko zai soke kyauta, ya sanar ta saƙon tes a lambar mutum ba imel kaɗai ba, da harshen da ya zaɓa, in dai sun iya tallata mana kaya da Hausa to sun iya yi mana sallama da Hausa. A ba da wa'adi na watanni masu kauri, a kuma sa maɓalli ɗaya da zai sauko maka da komai naka ba sai ka nemo injiniya ba. Wanda kuma bai yarda da sabon mai gidan ba a bar shi ya fita ba tara.

Kuma kada wani ya ce ba zai yiwu ba, don mun ga ya yiwu a kan lambar waya. Layin da ya fara da Econet a 2001 ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, ya zama Airtel a 2010, mutane na riƙe da lamba ɗaya ana ta canza musu launin kati, a lokacin in ba ka so sabon mai gidan ba sai dai ka jefar da lambarka. Etisalat ma ya koma 9mobile a 2017. Amma tun Afrilun 2013 da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo tsarin ƙaura da lamba, kana iya tattara lambarka ka koma wani kamfani. Da wuya kamfanoni su kawo irin wannan da kansu, wa zai buɗe ƙofar kejin da yake ci da shi? Sai da hukuma ta sa baki. Abin da ya rage shi ne irin matsalar Kawu, lambar da mutum ya gina kasuwanci a kanta shekara da shekaru bai kamata ta tafi don ya kwanta asibiti ba tare da an neme shi ta lambar ɗan'uwa ko ta NIN ɗin da aka tilasta mana haɗawa da layin ba. In NIN ya isa a rufe maka layi, ai ya isa a nemo ka kafin a ba wani.

Wani abin da ke ba ni mamaki a labarin j2, mutanen biyu da suka fara shi matsalarsu ita ce saƙo ya daina ɓacewa mai shi don ya canza otal. Sun magance wannan tsaf. Shekara 26 bayan haka sunan da kamfanin ke amsawa na wata mujalla ne da ya saya a hanya, faks ɗin yana wani gida, ajiyar wasu tana wani gidan, Rieley kuma ya rasu tun 2015 bai ga rabon ba.

Kawu dai ya sa an goge tsohuwar lambar an rubuta sabuwa, amma mai fentin ya yi ƙwauron fenti, in rana ta haska ƙofar da hantsi kana iya hango tsofaffin lambobin a ƙarƙashin sababbin. Satin da ya wuce wani ɗan sari ya zo daga Maraɗi da kansa, ya ce ya kira ya kira wani yaro na ce masa ba nan ba ne, har ya ɗauka Alhaji ya rasu, ya zo ne ya yi ta'aziyya. Kawu ya sa aka kawo masa shayi, ya sayar masa da shadda turmi shida.